Ko Ka Sani? Rigimar Ƙasashe Biyu Ta Taɓa Jinkirta Agogon Turai

Manyan injinan samar da wutar lantarki, muddin babban layi ɗaya ya haɗa su, taki ɗaya suke yi. Wutar da ke fita daga Kainji da Shiroro da Egbin duk tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, a tare, kamar mata masu lugude a turmi guda: ɗaya ta saɓa, taɓare su gwaru. Idan wutar da ake ja ta fi wadda ake samarwa, sai bugun ya ragu a ko'ina lokaci guda.

Abin al'ajabin ya fito fili a farkon 2018. Saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa aka riƙa jan wuta ba a cike gurbinta, har bugun layin Turai ya sauka daga 50 zuwa 49.996 a daƙiƙa. Raguwar ba ta taka kara ta karya ba, ko ƙwan fitila bai dushe ba. Amma akwai agogunan da bugun wutar suke ƙirgawa, irin na jikin rediyo da murhun lantarki, kuma cikin 'yan makonni suka yi baya da kusan minti shida a ƙasashe 25, daga Sifaniya har Turkiyya. Magidanci a Holan ya makara saboda rigimar da ba shi da hannu a ciki!

Yadda aka saƙa layukan shi ke yanke inda matsala za ta tsaya. Wuta ba ta bin umarni. In aka toshe mata hanya, sai ta kwarara ta makwabciyarta. Daren 4 ga Nuwamba 2006 aka kashe layin da ya ƙetare kogin Ems a Jamus don wani sabon jirgin ruwa ya wuce. Kaya ya yi wa layukan kusa yawa, suka riƙa yankewa bi da bi, cikin daƙiƙoƙi layin Turai ya tsage gida uku, gidaje sama da miliyan 15 suka shiga duhu.

Ƙarancin hanyoyi ya fi wannan muni. Yankin da layi ɗaya ko biyu ke ciyarwa ba shi da mafita. A Oktoban 2024 ɓata-gari suka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, sai yawancin jihohin Arewacin Najeriya suka yi kwana da kwanaki babu wuta.