Kafanchan: Gidan haya mai sauƙi na nan, amma sai da lissafi

Ma'aikacin tarayya da aka sauya wa wurin aiki daga Abuja zuwa Kafanchan yakan fara da ajiyar zuciya. Wanda ya saba biyan haya a Kubwa ko Lugbe zai ga kamar ya faɗo gari mai rahusa. Sai dai farashin da dillali ya faɗa a bakin ƙofa rabin labarin ne kawai.

Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, gari ne da jirgin ƙasa ya raina. Tun 1927 da ya zama mahaɗar layin dogo zuwa Kaduna da Jos da Fatakwal, baƙi ke sauka suna neman masauki, kuma sunan unguwar Bayan Loco shaida ce ta wancan zamani. A yau masu neman ɗaki sun haɗa da ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da masu yi wa ƙasa hidima. A 2025 kuma aka mayar da Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa cibiyar lafiya ta tarayya, yayin da aka kafa sabuwar jami'ar tarayya a Kachia. Duk inda albashin tarayya ya sauka, masu gidaje sukan ji ƙamshinsa.

Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida kuɗi cikin albashi a 2003, ma'aikaci ne ke nema wa kansa muhalli. Ga wanda ke kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, biyan hayar shekara a dunƙule, haɗe da la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya, babban nauyi ne.

Akwai kuma batun da ba a cika furtawa ba. Bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011, wanda ya cinye babbar kasuwar garin, jama'a da dama sun koma zama kusa da 'yan'uwansu a addini. Wannan rabuwa ta ƙuntata zaɓin baƙo, domin gidan da ya dace da aljihunsa yana iya kasancewa inda hankalin iyalinsa ba zai kwanta ba. Shi ya sa shawarar abokin aiki da ya daɗe a garin ta fi zaƙin bakin dillali.

A unguwanni irin su Takau da Garaje da Aduwan da Katsit, ko a Kagoro da ke maƙwabtaka, abin dubawa ɗaya ne. Rijiyar gidan tana kai wa ƙarshen rani? Mitar wuta ta mutum ɗaya ce ko ta tarayya da maƙwabta? Nawa ɗan acaba zai ci a wata? Yankin yana da ruwan sama mai yawa, don haka gidan da ya yi kyau a Janairu yana iya yoyo a Agusta, hanyarsa kuma ta zama taɓo. Tabon ruwa a silin ba ya ƙarya.

Kafin kuɗi su bar hannu, wajibi ne mai haya ya ga mai gidan ido da ido, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a fayyace wanda gyara ke wuyansa, a karɓi rasit. Wanda ya samu hali ya fara sauka wurin wani na 'yan makonni, ya zaga unguwannin da ƙafarsa safe da dare, shi ne yakan dace, domin gani ya kori ji.