Kaushin Bango da Halin Ɗigon Ruwa: Nazari a kan Ginin Ƙasa a Tudun Jukun, Zariya

1.0 Gabatarwa

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. A unguwanni irin su Tudun Jukun, kowace damina takan zaizaye wani abu daga jikin gidajen ƙasa. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana rawar da kaushin bango ya ke takawa cikin wannan ɓarna.

2.0 Kusurwar Ɗigo

Tun 1805 Thomas Young ya yi bayanin kusurwar da gefen ɗigo ya ke yi da fuskar abin da ya sauka a kai. Idan ba ta kai digiri 90 ba, ruwa yakan baje, abin ya jiƙe. Idan kuwa ta wuce 90, sai ɗigon ya dunƙule.

3.0 Aikin Kaushi

A 1936 Robert Wenzel ya nuna cewa kaushi ba ya sauya halin abu, ƙarfafa shi ya ke yi, domin yana ƙara faɗin wurin da ruwa zai taɓa. Watau abin da ke son ruwa zai ƙara jiƙewa, wanda ke ƙinsa zai ƙara ƙi. A 1944 Cassie da Baxter suka ƙara da cewa iska takan maƙale cikin ƙananan ramukan abu mai ƙin ruwa, ɗigo ya zauna bisanta. Abin da mu ke gani ke nan a ganyen gwaza: kakinsa da kaushinsa sun haɗu, ruwa ya gangare kamar dutsen wuya.

4.0 Hikimar Magina

Laka mai son ruwa ce, saboda haka kaushi abokin gābanta ne. Wannan ya sa magina su ke shafe yaɓe ya yi sumul, sa'an nan su bi shi da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda a ke haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. Shafewa tana rage kaushi. Makuba da laso kuwa suna toshe ƙofofin da ruwa ke bi.

5.0 Kammalawa

Muna ganin wanda ya bar bangon laka da kaushi bai yi tattali ba, gayyatar ruwa ya yi. Ya kamata ɗalibanmu su auna kusurwar ɗigo a kan yaɓe iri-iri, domin a ba magina shawara bisa hujja.