Yadda Ake Mayar da Hadiman Windows Kan Saitinsu na Asali

Gabatarwa

Tun zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, akwai shawarar da ke yawo tsakanin ɗalibai: wai idan kwamfuta ta yi nauyi, a kashe ayyukan da take yi a ɓoye, sai ta yi sauri. Wanda ya bi ta ido rufe yakan ga sakamako a ranar da ba ya so, misali firinta ta ƙi aiki ana gobe miƙa kundin digiri. A wannan maƙala zan bayyana waɗannan ayyuka da hanyoyin mayar da su yadda suke tun farko.

Su Wane Ne Hadiman?

Da Ingilishi ana ce musu services. Ni kuwa na kira su hadimai, domin kamar hadiman gida suke: suna tashi kafin maigida, kuma ba a tuna da su sai ranar da ba su zo ba. Print Spooler shi ke jera takardu yana miƙa wa firinta. Windows Audio ke kula da sauti. DHCP Client ke karɓo wa kwamfuta adireshinta idan za ta hau intanet. Wasu kuma sun dogara da wasu, shi ya sa kashe ɗaya kan kwantar da da yawa.

Domin ganin su, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta services.msc. Kowane hadimi yana da matsayi. Automatic yana tashi da kunna kwamfuta, Manual sai an buƙace shi, Disabled kuwa an ɗaure shi ke nan. Windows Vista ta ƙara na huɗu, wato wanda yake tashi da kansa amma bayan ɗan jinkiri.

Hanyoyin Gyara

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan shafi babu maɓallin da ke mayar da kowa mazauninsa. Hanyoyi huɗu ne, kuma daga mai sauƙi ake farawa.

Ta farko, gyara da hannu. A sami wata lafiyayyar kwamfuta mai irin Windows ɗin, a kwatanta jerin biyu, a gyara inda suka saɓa.

Ta biyu, idan ta msconfig aka kashe su, a koma can, a buɗe sashen Services, a danna Enable all, sannan a sake kunna kwamfutar.

Ta uku, System Restore. Wannan yana mayar da saiti zuwa wata rana da ta wuce ba tare da taɓa takardun mutum ba, sai dai manhajojin da aka saka bayan ranar za su tafi. Yana aiki ne kawai idan dama a kunne yake kafin ɓarnar.

Ta huɗu, Reset this PC da ke cikin Windows 10 da 11. Idan aka zaɓi Keep my files, takardu za su tsira, amma sai an sake saka manhajoji. Duk da haka a kwafe kundi a filas tukuna.

Gargaɗi

Kada a mayar da kowane hadimi Automatic da sunan gyara. Da gangan aka ɗaure wasu. A 2004, cikin Service Pack 2 na XP, kamfanin Microsoft ya kashe hadimin Messenger saboda masu talla sun mayar da shi ƙofar jefa saƙonni a allon mutane. Haka nan jerin saitin da aka yi don Windows 7 ba zai dace da Windows 11 ba, domin kowace da nata hadiman.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Kafin a taɓa ko hadimi ɗaya, a shiga Action, a zaɓi Export List, a adana jerin a filas. Sannan a riƙa canza ɗaya bayan ɗaya, ana rubutawa a takarda. Wanda ya yi haka, idan abu ya lalace, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.