Wata uku cikin shekara uku: sharaɗin abincin da Amurka ta mayar wa 'ya'yan riƙon gwamnati

Tun ranar 4 ga Yulin 2025 da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan babbar dokar haraji da kashe kuɗin gwamnati ake ta kai ruwa rana a kan wani ɗan sashe nata da ya taɓa tallafin abinci. Wasu na cewa an hana marayun Amurka abinci ƙiri-ƙiri. Wasu kuma suka ce ai daidai ke nan, ƙato lafiyayye ya tashi ya nema, zaman kashe wando aka yi wa magani. Duka biyun akwai gyara, amma maganar ta biyu ta fi ci mini rai, domin masu yin ta ba su san waɗanda suke kira malalata ba.

Yawancin yaran nan ba marayu ba ne. Iyayensu na raye, kotu ce ta ba hukuma damar ɗauke su daga gida saboda sakaci, ko duka, ko shaye-shayen iyaye, ko an ɗaure uwa ko uba. Daga nan sai a kai yaro wurin dangi, ko gidan wasu baƙi da gwamnati ke biya, ko gidan kula da yara. Akwai sama da yara 300,000 a wannan hali. Da yawa suna komawa gida, wasu kuma a sami iyalin da za su ɗauke su dindindin. Amma duk shekara akan sami tsakanin 15,000 da 20,000 da ke girma ba tare da kowa ya ce nasa ne ba.

A wajenmu wanda gwaggo ko kawu ya riƙe yakan zauna har a yi masa aure, kuma ko bayan nan ƙofar gidan a buɗe take gare shi. Can riƙon na da ranar ƙarewa a rubuce: shekara 18, ko 21 a jihohin da suka tsawaita shi bayan wata dokar 2008. Ranar na cika, matashi ya tattara komatsansa, wani lokaci a baƙar ledar zuba shara domin ko akwati ba shi da shi, ya fita ya nemi ɗakin haya da aiki da abin sawa a baka.

Tallafin da ake magana a kansa shi ne SNAP, wanda Ma'aikatar Noma ta Amurka ke kula da shi. Ba hatsi ake rabawa ba. Kati ne irin na cirar kuɗi, duk wata a zuba masa wani abu, mutum ya je kanti ya sayi burodi, madara, shinkafa, ƙwai. Ba ya sayen giya da taba, ba ya sayen sabulu, kuma a ƙa'ida ba ya sayen dafaffen abinci mai zafi. A 2025 mutum kusan miliyan 42 ne ke karɓa, kuma in aka yi lissafi kimanin dala 6 ne a rana ga mutum ɗaya. Mai zaman kansa shi kaɗai, ko ba shi da ko sisi, abin da zai samu a yawancin jihohi a 2025 bai kai dala 300 a wata ba.

Sharaɗin aikin ba sabo ba ne. Tun 1996, zamanin Bill Clinton, doka ta ce baligi mai lafiya wanda ba shi da yaro a hannu wata uku kawai zai ci tallafin a cikin shekara uku, sai fa in ya nuna yana aiki ko koyon sana'a ko aikin sa kai na awa 80 a wata. A 2023, lokacin da Joe Biden da shugaban Majalisar Wakilai Kevin McCarthy suka daidaita a kan rikicin bashin gwamnati, aka keɓe rukuni uku daga wannan sharaɗi: tsofaffin sojoji, marasa matsuguni, da matasa 'yan shekara 24 zuwa ƙasa da suka cika 18 suna hannun riƙon gwamnati. Dokar 2025 ta share keɓewar nan duka, ta kuma ɗaga shekarun waɗanda sharaɗin ya shafa zuwa 64.

Ke nan ba a rufe wa matashin ƙofa ba. Zai nema, kuma in ya cancanta za a ba shi. Abin da aka yi shi ne an kunna masa agogo.

To, me zai hana shi kama aiki? Nan ne masu cewa lalaci ne suke tuntuɓe. Neman aiki shi kaɗai ba ya cikin abin da ake ƙirgawa. Ko da yaro ya yini yana yawo daga kanti zuwa kanti yana cike takardu, wannan watan ya ci daga cikin ukunsa. In kuma ya samu aikin, galibi irin na gidan cin abinci ne ko jera kaya a kanti, inda manaja ke rubuta awa 25 wannan mako, mako mai zuwa ya rubuta 12 saboda ba ciniki. Wata ya ƙare da awa 76, saura huɗu, an ƙirga masa watan a cikin ukun. Kamar a ce wa ɗan dako a kasuwar Dawanau ba shi da abincin rana sai ya sauke mota ashirin, alhali ba shi ke turo motocin ba. Ya iso da sassafe, ƙarfinsa na nan, gammonsa na hannu, motocin ne ba su shigo ba. Sannan ko ya sauke ashirin ɗin, sai ya kawo takardar shaida.

Takardar nan ma wani tarko ce. Ofishin jin daɗin jama'a yakan aika wasiƙa ta gidan waya, a ba ka wa'adin kawo shaidar albashi. Wanda yau ya kwana a kujerar falon aboki, gobe a mota, jibi a gidan kwanan marasa galihu, ina wasiƙar za ta same shi? Wani dogon bincike da cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago ta yi, inda aka bi sawun irin waɗannan matasa a jihohin Illinois da Iowa da Wisconsin, ya nuna tsakanin kashi 31 zuwa 46 cikin ɗari sun taɓa rasa matsuguni kafin su cika shekara 26.

Da a ce sharaɗin na tura mutane aiki, da sai a ce ɗacin magani ne. Amma da masana tattalin arziki suka duba abin da ya biyo baya a jihar Virginia, wadda ta dawo da shi a 2013, sun ga fiye da rabin waɗanda ya shafa sun fita daga tallafin, marasa matsuguni suka fi zubewa, kuma ba a ga yawan masu aiki ya ƙaru ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka da kansa ya ƙiyasta cewa sababbin sharuɗɗan za su rage yawan masu karɓar tallafin wata-wata da kusan mutum miliyan 2.4.

Abin da ke ɗaure kai shi ne gwamnatin ta san halin yaran. Tun 2014 tana ba su inshorar lafiya ta Medicaid har shekara 26, a kan hujjar cewa tsaransu suna fakewa a inshorar iyayensu har wannan shekara, su kuwa ba su da wannan gatan. Hujjar da ta yi aiki a kan asibiti ban ga abin da ya hana ta aiki a kan tukunya ba. Ɗan shekara 19 da aka sallama daga aiki yakan koma gida ya buɗe firjin mahaifiyarsa. Wannan kuwa hukuma ce ta tsaya masa a matsayin uwa da uba, da umarnin alƙali.

A Nuwamban 2025 Trump ya sa hannu a kan wani umarni na kyautata rayuwar 'ya'yan riƙo, uwargidansa Melania na gefensa, aka yi jawabai a kan ilimi da guraben aiki. Umarnin shugaba ba ya soke dokar majalisa, saboda haka agogon wata ukun na nan yana tafiya. Keɓewar da aka yi wa matasan a 2023 an rubuta za ta kai Oktoban 2030. Shekara biyu kawai ta yi.