Baro: Tashar da ke Jiran Jirgi

Duk wanda ya tsaya bakin ruwa a Lakwaja, inda kogin Binuwai ya haɗu da kogin Kwara, zai ga hanya shimfiɗeɗɗiya, ba rami ba gargada, amma kusan wayam take, sai kwalekwalen masunta da jiragen fito. Can kan titi kuwa tireloli ne jere, sun danne kwalta da lodin siminti da taki.

Da ba haka abin yake ba. Turawan mulkin mallaka sun ja layin dogo daga Baro, a jihar Neja ta yanzu, ya isa Kano a 1911, domin kayan Arewa su sauko bakin kogin Kwara, jirgin ruwa ya wuce da su teku. A Binuwai ma, in damina ta yi nisa, jirage kan haura har Garwa ta Kamaru. Da dogo ya haɗe Kano da Legas kai tsaye, sai tauraron Baro ya fara dusashewa.

Babban abokin gabar wannan hanya ta ruwa shi ne rairayi. Kowace damina ruwa yakan kwaso shi ya jibge a tsakiyar kogi. Da rani ya yi, sai ka ga tsibiran yashi sun fito fari fat, babban jirgi ba shi da wurin ratsawa. Shi ya sa a 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. Sai dai yasar kogi kamar sharar tsakar gida take: in aka yi yau aka bari, gobe sai an sake.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro. An yi gini, an kafa na'urar ɗaga kaya, amma aka bar ta ba ingantaccen titin da zai kai mata lodi, tsohon dogon kuma ya daɗe da mutuwa. Wannan shi ke ci mini rai.

Mutanen bakin kogi su ba su taɓa barin ruwa ba, don ba su da wata hanyar. Su ne ke cika jirgin katako maƙil, cikin dare, ba rigar kariya. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu a irin wannan jirgi, suna dawowa daga ɗaurin aure.