Haɗa Kwamfuta Da Intanet: Abin Da Sabon Shiga A Kuje Zai Kula Da Shi

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Hukumar JAMB ta bar takarda da alƙalami ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, sanin wannan na'ura ya zama wajibi ga ɗalibin Kuje, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya. Uba yakan matse aljihu ya sayo wa ɗansa kwamfuta 'yar gwanjo, amma sai a tarar ba a san yadda za a haɗa ta da intanet ba.

Aikin kuwa ba shi da wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce ta wayar hannu. Da farko mutum zai tabbatar an haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kamar yadda gwamnati ta umurta a watan Disamba 2020. Daga nan sai ya sayi data, ya kunna wurin raba intanet na wayar, ya sa masa kalmar sirri mai wuyar cinka. A kwamfuta mai manhajar Windows kuma, ya danna alamar Wi-Fi da ke ƙasa ta hannun dama, ya zaɓi sunan wayarsa, ya rubuta kalmar sirrin. Shi ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an haɗa. Windows tana da halin sauko da sababbin gyare-gyarenta ba tare da neman izini ba, har datar da aka saya don wata guda ta ƙare kafin la'asar. Sabon shiga sai ya ɗora laifin a kan kamfanin waya, alhali ɓarawon yana kan teburinsa. Maganin abin yana cikin saitin Wi-Fi ɗin: a kunna wurin da aka rubuta Metered connection, don manhajar ta san datar a ƙididdige take, ta rage ci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman tun da Hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025.

Har ila yau, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Saboda haka mai saye ya tambayi dillali wace manhaja ce a ciki tun kafin ya biya kuɗi.