Sayen gidan haya kafin ƙaura: Yaushe ya dace?

Ma'aikacin gwamnati da aka sauya wa wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ko ɗan kasuwar da zai koma Legas, kan so ya bar wata kadara a gida. Galibi gidan haya ne zaɓin farko, musamman a wannan zamani da tsadar kaya ke cinye kuɗin da ke ajiye a banki.

Abin dubawa na farko shi ne kuɗin zama a sabon gari. Masu gidaje a Abuja da Legas kan nemi hayar shekara guda gaba ɗaya, wani lokaci ma biyu, ban da kason dillali da na lauya. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a gidan haya ana saura wata biyu ya tashi, to bashi zai ci kafin ya samu matsuguni.

Sai batun takardu, wanda nan ne masu gaggawa suka fi yin asara. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora ikon filayen birane a hannun gwamna, kuma sauya mallaka na buƙatar amincewarsa. Bincike a KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, shi zai nuna ko takardar mallakar ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan. Gidan gado kuwa sai duk magada sun sa hannu. Wannan ba aikin mako guda ba ne, kuma bai kamata a bar wa wakili shi ba. Idan lokaci ya ƙure, gara a jinkirta har a dawo hutu.

Lissafin riba ma a yi shi da sanyin rai. Gidan naira miliyan 20 da ke kawo hayar miliyan ɗaya a shekara, kashi biyar cikin ɗari ne kawai, tun kafin a cire gyaran rufi bayan damina, da kwasar masai, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa.

Saura mai kula da gidan. Ɗan'uwa ba ya karɓar lada, amma tuhumarsa kan kuɗin haya na iya ɓata zumunci. Dillali mai ofis kan cire kasonsa, sai dai ana iya ɗaure shi da yarjejeniya a rubuce, a kuma sa 'yan haya su riƙa biya kai tsaye ta asusun mai gida.